Mayapple: Yadda Aka Fitar da Maganin Sankara Daga Saiwa Mai Guba

A shekarar 1963 kamfanin haɗa magunguna na Sandoz, da ke birnin Basel a ƙasar Suwizalan, ya kai wani maganin sankara kasuwa da sunan Proresid. Nau'insa na sha, a ɗakin bincike SP-G ake kiransa. Ba magani ne na a zo a gani ba, kuma yau babu likitan da ke rubuta shi. Abin da ya sa ake tunawa da shi shi ne ɗaure kan da ya yi wa waɗanda suka haɗa shi.

SP-G gauraye ne da aka samo daga saiwar wani tsiro mai guba na dangin mayapple, kuma masanan kamfanin sun san manyan sinadaran da ke cikinsa ɗaya bayan ɗaya. Idan aka ba ɓerayen da aka sa wa sankarar jini gaurayen yadda yake, sai su ƙara kwana. Idan kuwa aka ware kowane sinadari aka tace shi tas sannan aka ba su, sai aikin ya ƙi kai na gaurayen. Ke nan akwai wani abu ɗan mitsitsi da ya ɓuya a ciki, shi ke yin aikin, kuma ba wanda ya san shi. Neman wannan abu ne ya haifar da etofosaid, maganin da yau yake cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, ake kuma ɗaura wa masu sankara shi a asibitocin koyarwa, har da namu.

Tsiron

Mayapple ɗan dazuzzukan gabashin Amurka ta Arewa ne, daga kudancin Ontario da Kwibek a Kanada har gangarowa Florida da Texas. Masana tsirrai suna kiransa Podophyllum peltatum, sunan da Carl Linnaeus ya raɗa masa a 1753. Yana son inuwa da ƙasa mai danshi. Da zarar sanyin hunturu ya ja baya, wajen watan Afrilu, kafin manyan itatuwa su yi sabon ganye su tare rana, sai ya huda ƙasa ganyensa a naɗe jikin kara, sannan ya buɗe shi ya baje a siffar laima. Tsawon karan santimita 30 zuwa 40 ne, faɗin ganyen kuma yakan kai 30.

Wanda ya tsaya a bakin fagen mayapple zai ɗauka ɗaruruwan tsirrai yake kallo. Sau da yawa tsiro ɗaya ne. Ainihin jikinsa yana ƙarƙashin ƙasa: saiwa ce mai rarrafe wadda ke ƙara gaɓa ɗaya a kowace shekara, tana yin rassa, kowane reshe yana tura karansa sama. A haka fage guda zai shekara goma-goma yana faɗaɗa, duk karan da ke cikinsa jini ɗaya. Karan iri biyu ne. Mai ganye ɗaya ba ya fure, aikinsa kawai ya kama rana ya tara abinci a saiwa. Mai ganye biyu shi ke haihuwa: a daidai inda karan ya rabu biyu, farin fure ɗaya tak yake fitowa, kansa a sunkuye, ganyayen sun rufe shi ruf, sai an durƙusa ake ganinsa. Tun bara, a cikin tohon da ke ƙasa, aka riga aka yanke ko karan bana zai zama mai ganye ɗaya ko mai biyu, gwargwadon abin da saiwar ta tara.

Furen yana da ƙamshi amma ba shi da ruwan zaƙin da ƙudan zuma ke nema, saboda haka ba kasafai suke waiwayarsa ba. Ga shi kuma yawanci ba ya ɗaukar barbara daga ɗan'uwansa na fage ɗaya, sai daga wani fagen dabam. Wannan ya sa furanni da yawa ke bushewa ba ɗa. Wani masani a Kanada, Terence Laverty, ya nuna cewa fagen da ke maƙwabtaka da tsiron Pedicularis canadensis, mai ruwan zaƙi da yawa, ya fi yin 'ya'ya: manyan ƙudan zuma suna zuwa don maƙwabcin, su leƙa mayapple bisa kuskure. Arzikin maƙwabci yake ci.

Ɗan yana nuna a watan Yuli ko Agusta, ya koma ruwan ɗorawa, tsawonsa santimita 3 zuwa 5. A lokacin ganyen ya fara bushewa, karan ya kwanta, ɗan ya sauko daf da ƙasa, daidai bakin wani kunkurun daji mai suna Terrapene carolina. Kunkurun ya ci, ya yi tafiyarsa, ya kasayar da irin a wani wuri, kuma an gwada an ga irin da ya bi ta cikin kunkuru ya fi saurin tsirowa. Naman ɗan da ya nuna sosai shi kaɗai ne abin da mutum zai iya ci a jikin tsiron, shi ma kaɗan, kuma ban da ƙwallayen. Saiwa, kara, ganye, ɗanyen ɗa, duk guba ne.

Shekara ɗari na wankin ciki

Ƙabilun asali na yankin sun san gubar, sun kuma san yadda ake moronta. Cherokee da Iroquois suna dafa saiwar kaɗan don wankin ciki da fitar da tsutsa. Cherokee suna jiƙa irin masara a ruwanta kafin shuka don hankaki da ƙwari su bar shi. Menominee suna yayyafa ruwan a gonar dankali ya kashe ƙwaro. An ruwaito cewa Penobscot na jihar Maine suna shafa ta a kan tsiron fata. Akwai kuma rahotannin waɗanda suka sha ta don su kashe kansu, abin da ke nuna cewa ba wanda ya ɗauke ta da wasa.

Turawan da suka zauna a ƙasar suka karɓa. Da aka buga kundin magunguna na Amurka karo na farko a 1820, saiwar tana ciki a matsayin maganin wankin ciki. A 1835 wani likita mai suna John King ya jiƙa ta a barasa, ya zuba ruwa, sai wani ƙaro ya kwanta a ƙasa. Ya ba wata budurwa, bai san ƙarfin abin da ya haɗa ba, ta kwana da kwanaki tana amai da gudawa da murɗar ciki, da ƙyar ta sha. Wannan ƙaron shi ne fodofilin. Kafin a kai 1850 masu haɗa magani a Cincinnati sun fara sayar da shi da yawa. A wancan zamani maganin wankin cikin da likitoci suka fi bayarwa daga zaiba ake yin sa, yana zubar da haƙora yana ruɓar da dasashi, saboda haka aka riƙa tallar fodofilin a matsayin madadinsa na itace, wanda wai ba ya illa. Maganar nan ta "ai na itace ne, ba ya komai" tsohuwa ce, kuma ba a bakin masu tallar magani na kasuwanninmu kaɗai take ba.

A 1880 Valerian Podwyssotzki, a jami'ar Dorpat da ke Estoniya ta yau, ya ware babban sinadarin da ke cikin ƙaron, fodofilotoksin. A 1942 aka cire fodofilin daga kundin magungunan Amurka saboda illarsa ta fi amfaninsa.

Tusar jaki

Shekarar da aka kore shi ta ƙofa, a cikinta ya dawo ta taga. Wani likita a New Orleans, Isaac Kaplan, ya buga rahoto a 1942 cewa ya narka fodofilin a mai, kashi 25 cikin ɗari, ya shafa a kan tusar jakin al'aura, cikin 'yan kwanaki ta yi fari, ta motse, ta zube. Kafin nan sai dai a yanke ko a ƙone. A 1946 Lester King da Maurice Sullivan suka duba fatar da aka shafa wa maganin da madubin likita, suka ga dalili: ƙwayoyin halittar sun tsaya cak a tsakiyar rabuwa.

Ga yadda abin yake. Idan ƙwayar halitta za ta rabu biyu, takan gina wasu siraran zaruruwa daga wani furotin mai suna tubulin, su ke jan kayan gado zuwa ɓangarori biyu don kowace 'ya ta sami rabonta. Fodofilotoksin yana manne wa tubulin ya hana a gina zaruruwan. Ƙwayar ta fara rabuwa, ba ta iya ƙarasawa, ba ta iya komawa, sai ta mutu. Tusar jaki nama ne mai saurin rabuwa, shi ya sa take faɗuwa. Amma haka fatar cikin hanji take, haka ɓargo yake, haka ɗan tayi yake. Jijiyoyi kuma, ko da yake ba sa rabuwa, da wannan tubulin ɗin suke jigilar kaya daga tushensu zuwa yatsu. Wanda ya riƙe wannan a ransa zai iya faɗin alamomin gubar tun kafin a karanta masa su.

Suna farawa da tashin zuciya, amai, gudawa. Cikin kwana ɗaya ko biyu sai ruɗewa, surutai, faɗuwar hawan jini, wani lokaci doguwar suma. Bayan kamar kwana 4 zuwa 7 fararen ƙwayoyin jini da masu sa jini ya daskare su zube. Wanda ya tsallake wannan yakan tashi hannu da ƙafa sun mutu, ba ya jin taɓi, tafiya na gagararsa, wata da watanni. Babu makari. Abin da asibiti ke iya yi shi ne a wanke fatar, a ba da gawayin likita idan sha aka yi, a tallafi numfashi da jini har jiki ya fitar da ita.

Ba sai an sha ba. Fata mai rauni ko mai danshi tana tsotse ta. A 1954 an buga labarin wata matashiya a Amurka da ta mutu bayan an shafa mata fodofilin a kan tusar jaki mai faɗi. A 1972 mujallar likitocin Birtaniya ta kawo na wata mai juna biyu da aka shafa wa: ita ta kamu da mutuwar jijiyoyi mai tsanani, ɗan kuma ya mutu a ciki. A gabashin Asiya, inda dangin tsiron ke cikin magungunan gargajiya, wani rahoto na 1992 daga Taiwan ya kawo mutum 5 da suka sha jiƙon ɗaya daga cikinsu, bajiaolian, suka ƙare a gadon asibiti. A Hong Kong an sami waɗanda suka kamu ba da saninsu ba, don an cakuɗa saiwar da wata saiwar magani mai kama da ita.

Babban aibin fodofilin shi ne ba a san ƙarfin kwalba ba. Ƙaro ne ɗanye, na wannan kamfani dabam da na wancan. Shi ya sa ƙa'idarsa take da tsauri: ma'aikacin lafiya ne ke shafawa, a wuri kaɗan, a wanke bayan awa 1 zuwa 4, kuma haram ne ga mai ciki. Daga baya aka tace fodofilotoksin zalla aka yi ruwan shafawa mai kashi 0.5 cikin ɗari, wanda Amurka ta amince da shi a 1990 da sunan Condylox. Shi majiyyaci na iya shafawa da kansa: safe da yamma kwana 3, a huta kwana 4, a maimaita har sau 4, kada a wuce rabin mililita a yini. Tun 2015 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta cire ɗanyen ƙaron daga magungunan da take ba da shawara a kai. A ƙasashe irin namu har yanzu ana amfani da shi saboda araha, kuma haɗarin a bayyane yake: ciwo ne da mutum ke jin kunyar nunawa, sai ya sayi kwalba a kemis ya lafta da kansa ya kwana da ita. Kusan kashi 90 cikin ɗari na wannan ciwo ƙwayar cutar HPV nau'i na 6 da na 11 ke kawo shi, kuma rigakafin da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoban 2023 ya haɗa da nau'o'in biyu.

Abin da aka yi a Basel

Tun da aka ga fodofilotoksin na hana rabuwar ƙwayoyi, sai hankali ya koma kan sankara. A Cibiyar Binciken Sankara ta Amurka, Jonathan Hartwell da Anthony Schrecker suka gano ainihin ginin sinadarin a 1951. Aka gwada shi a jikin masu sankara. Bai yi ba. Kafin a kai adadin da zai taɓa ciwon, hanji da ɓargo sun riga sun lalace. Wannan wuri ne da masu cewa "ga tsiron da ke maganin sankara" suke tsallakewa: abin da tsiron ke yi da kansa an gwada shi, ya faɗi.

Masanan Sandoz suka bi ta wata hanya. Kamfanin ya daɗe yana aiki da magungunan zuciya na tsirrai, inda suka koyi cewa sinadari kan zauna a jikin tsiro haɗe da sukari, kuma wajen tatsa ne sukarin ke gutsurewa. Suka ce wataƙila na wannan saiwa ma haka ne, kuma wataƙila mai sukarin ya fi sauƙin guba. Hasashen farko ya yi daidai, a tsakiyar shekarun 1950 suka ware masu sukarin. Na biyu ya zo da gardama: gubar ta ragu, amma ƙarfin kashe sankara ya fi ta raguwa. Sai suka shiga yi wa sukarin kwaskwarima, suna haɗa shi da wasu sinadarai da ake kira aldehaid. Da suka haɗa ɗanyen abin da suka tatso, ba tare da sun tace ba, da benzaldehaid, sai aka sami SP-G. Saiwar da suka yi aiki da ita ba ta Amurka ba ce, ta ɗan'uwanta ce na tsaunukan Himalaya, Podophyllum hexandrum, wadda ta fi ta yawan sinadarin nesa ba kusa ba.

Mutum biyu ne a tsakiyar aikin: Albert von Wartburg, masanin haɗa sinadarai, da Hartmann Stähelin, likita mai gwada magunguna a kan ƙwayoyin halitta da ɓeraye. Stähelin ne ya nace cewa lissafin SP-G bai cika ba. Wani zai ce magani na aiki, an kai kasuwa, a wuce wurin. Su suka koma suna rarraba gaurayen kashi-kashi, suna gwada kowane kashi a kan ɓeraye masu sankarar jini ta L1210, aikin da ya ci kimanin shekara 2. A ƙarshe suka kama shi, wani sinadari da ke cikin gaurayen ɗan kaɗan, suka taƙaita dogon sunansa zuwa DEPBG.

Da Stähelin ya duba ƙwayoyin da aka sa wa DEPBG, sai ya ga abin da bai zata ba. Ba su taru a tsakiyar rabuwa ba, yadda duk dangin fodofilotoksin ke sa su yi. Ba su ma shiga rabuwar ba, tun kafin nan aka tare su. Canje-canje uku ne kacal suka raba shi da uwarsa: an cire wani ɗan reshe a gefe ɗaya, wata mahaɗa ta juya fuska, ga kuma sukarin da aka ɗaure da aldehaid. Amma waɗannan ukun sun sa ya saki tubulin ya kama wani abu dabam. A ganina nan ne zuciyar lamarin. Ba ƙara wa gubar tsiron ƙarfi aka yi ba, ba kuma rage ta aka yi ba. Wani magani ne dabam mai wata hanyar aiki dabam, wanda ya samu sakamakon haɗin da aka yi a kwalbar gwaji, aka kuma gano shi don wani ya ƙi yarda da lissafin da bai cika ba.

Daga nan suka riƙa sauya aldehaid ɗin ɗaya bayan ɗaya. A tsawon aikin, wajen shekara 20, an haɗa sinadarai kusan 600. Biyu ne suka fita zakka: tenifosaid, mai lamba VM-26, a 1965, da etofosaid, mai lamba VP-16, a 1966. An fara gwada na farkon a jikin mutane a 1967, na biyun a 1971. Sandoz ba ta mai da hankali kan sankara ba a lokacin, sai ta miƙa wa kamfanin Bristol-Myers na Amurka lasisin su biyun a 1978. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da etofosaid a 1983 da sunan VePesid, shekara 17 bayan haɗa shi. Shi Stähelin a wannan tsakanin ya shiga wani aikin, yana cikin waɗanda suka gano amfanin saiklosforin, maganin da ya sa dashen ƙoda ya zama ruwan dare.

Har aka fara ba marasa lafiya etofosaid ba a san abin da yake kamawa ba. A 1976 John Loike da Susan Horwitz a New York suka nuna cewa yana kakkarya DNA, wato zaren da ke ɗauke da kayan gado a ƙwayar halitta. Sai a 1984 aka tabbatar da cewa ba shi ke karyawar da kansa ba, wani enzayim na jiki ne, wato furotin mai gudanar da wani aiki a ƙwayar halitta, mai suna tofo'aisomares na biyu. Zaren DNA da ke cikin ƙwayar halitta guda ya kusa mita 2, a dunƙule a wurin da ido ba ya gani, kuma duk lokacin da aka kwafe shi sai ya cukurkuɗe. Aikin enzayim ɗin irin na masaƙin da zare ya harɗe masa ne: ya yanke ɗaya, ya zura ɗayan ta wurin, ya sake ƙullawa. Etofosaid yana ƙyale shi ya yanke, sannan ya riƙe masa hannu. Yanka ya taru ba ƙulli, ƙwayar ta mutu. Ƙwayoyin sankara, da yake kullum cikin kwafar DNA suke, su suka fi jin jiki.

A gadon asibiti

Inda ya fara nuna kansa sosai shi ne sankarar maraina, ciwon samari da magidanta masu ƙuruciya. Lawrence Einhorn na Jami'ar Indiana ya riga ya juya lamarin wannan ciwo tun 1974 da haɗin sisfilatin, bilomaisin da binbilastin. Na ƙarshen nan shi ma daga tsiro yake, wani fure ɗan asalin Madagaska, kuma yana wahalar da jijiyoyi da hanji. A 1987 aka buga sakamakon gwaji a kan maza 261 da ciwon ya bazu a jikinsu, inda aka musanya binbilastin da etofosaid a rabinsu. Kashi 83 cikin ɗari na masu etofosaid sun rabu da ciwon, a ɗaya ɓangaren kashi 74. A cikin waɗanda ciwonsu ya fi nisa tazarar ta fi haka, wahalar jijiyoyi kuma ta ragu ƙwarai. Wannan haɗi, BEP, shi ake bi har yau: miligiram 100 na etofosaid ga kowace murabba'in mita ta faɗin jiki, kwana 5 a jere, a sake bayan mako 3, zagaye 3 ko 4. A cikin ƙarin ruwa ake sa shi, ya sauka a hankali cikin minti 30 zuwa 60, don idan aka yi gaggawa hawan jini na iya faɗuwa. Gashi zai zube. A mako na biyu fararen ƙwayoyin jini kan yi ƙasa, lokacin da zazzaɓi kaɗan ke zama abin gaggawa.

Me ya sa kwana 5? Wani gwaji da Maurice Slevin ya jagoranta a Landan, aka buga a 1989, ya amsa. An raba masu wata sankarar huhu mai saurin bazuwa gida biyu, an ba kowa adadi ɗaya, miligiram 500 ga kowace murabba'in mita ta faɗin jiki. Gida na farko an ɗura musu shi duka cikin awa 24, na biyu an raba musu kwana 5. A gidan farko ciwon ya ja baya a kashi 10 cikin ɗari, a na biyu kashi 89. Magani ɗaya, adadi ɗaya. Dalili shi ne ƙwayoyin ba a lokaci guda suke shiga matakin da maganin ke kama su ba, sai ya daɗe a jini yana jiran kowacce ta iso.

Ana kuma amfani da shi a sankarar da ke tasowa daga mabiyiya bayan ciki, a wani haɗi da asibitin Charing Cross na Landan ya tsara, da sankarar idon yara, da wasu sankarorin jini da na kaluluwa. Tenifosaid bai yi irin wannan tashe ba, Amurka ta amince da shi a 1992 don sankarar jinin yara da ta ƙi jin sauran magunguna.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Ƙwayar ɓargo da aka yanka DNA ɗinta ba ta mutu ba tana iya ƙulla guntayen a karkace, kuma akwai wani wuri a kan kuromosom na 11, inda ƙwayar gado ta MLL take, da ya fi faɗawa wannan kuskure. Sakamakon shi ne sabuwar sankarar jini, yawanci cikin shekara 2 ko 3. A 1991 Ching-Hon Pui da abokan aikinsa a asibitin yara na St. Jude da ke Memphis suka bi yara 734 masu sankarar jini, waɗanda aka yi wa yawancinsu magani da etofosaid ko tenifosaid. Yara 21 sun kamu da sabuwar sankarar. A cikin waɗanda aka riƙa ba su duk mako ko sau biyu a mako na dogon lokaci, haɗarin ya haura kashi 12 cikin ɗari, a sauran kuwa ya yi ƙasa sosai. A nan ma tsarin bayarwar ne ya raba, ba yawan maganin kaɗai ba, kuma bayan wannan bincike aka sauya jadawalin. Ga mai sankarar maraina da ya sha zagaye 3 ko 4 haɗarin ƙarami ne, bai kai kusa da na barin ciwon ba.

Daga ina saiwar za ta fito?

An iya haɗa fodofilotoksin daga tushe a ɗakin gwaji, amma matakan suna da yawa, abin da ake samu kaɗan ne, ba ya biyan kuɗin kasuwa. Don haka har yau daga tsiro ake fara yin etofosaid, kuma nauyin ya faɗa kan na Himalaya: saiwarsa busasshiya tana ɗauke da wajen kashi 4 cikin ɗari na sinadarin, ta Amurka kuwa wajen kashi 0.25. Tsiro ne mai jinkirin girma a can saman tsaunukan Indiya, Nefal, Fakistan da yammacin Sin, kuma tonon saiwa kashe tsiro ne. Masu tono suka yi masa ca, ya ƙaranta a wurare da dama, har aka sa shi cikin rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa.

Mafita ta farko daga na Amurkan ta fito, wanda aka raina. Rita Moraes da Camilo Canel da abokan aikinsu a Jami'ar Mississippi suka lura cewa ba a saiwa ya kamata a nema ba, a ganye ne, inda sinadarin ke zaune haɗe da sukari. Tsohuwar hanyar tatsa da barasa tana kashe enzayim ɗin ganyen da ke cire sukarin. Da suka fara jiƙa niƙaƙƙen ganyen a ruwa, suka bar enzayim ɗin ya yi aikinsa, sai suka samu har kashi 5.2 cikin ɗari a wasu fagage, kamar yadda suka buga a 2001. Ganye kuwa ana yanka bana ya sake fitowa baɗi. Matsalar ita ce tsiro ne na inuwa, mai nawa, wanda ganyensa wata uku kawai yake yi a sama, kuma yawan sinadarin ya bambanta ƙwarai daga wannan fage zuwa wancan.

Ta biyu daga Jami'ar Stanford take. Warren Lau da Elizabeth Sattely sun lura cewa idan aka ji wa ganyen na Himalaya rauni, yakan ƙara yin gubar don kare kansa. Sai suka huhhuda ganyen, suka duba waɗanne ƙwayoyin gado ne suka farka bayan raunin. Ta haka suka gano enzayim 6 da ba a sani ba a jerin matakan haɗa sinadarin. Suka haɗa su da 4 da aka riga aka sani, suka sa duka 10 a ganyen wani dangin taba, Nicotiana benthamiana, wanda ke girma cikin 'yan makonni. Ganyen tabar ya yi abin da ake so, har ma ya fi: bai tsaya kan fodofilotoksin ba, ya ba da wani sinadari da ya fi shi kusa da etofosaid, wanda tuni aka cire masa reshen nan kuma mahaɗarsa ta juya. An buga aikin a mujallar Science a 2015. Abin da ganyen ya bayar a lokacin kaɗan ne ƙwarai, na tabbatar da hanya ne ba na cika kwalabe ba, kuma masu bincike na ci gaba da neman ƙara shi a taba da kuma a yis. Kafin hakan ya kai masana'anta, saiwar Himalaya ce ke ɗauke da kasuwar.